Tambayi Likita: Wai da gaske an gano maganin tsufa?

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa a wanga fili. Saƙonnin da sunka shigo wanga wata kusan rabinsu magana guda suke yi, tsufa da maganin tsufa, akwai wani bidiyo da ke yawo a WhatsApp wanda mutum uku daban daban sunka turo mini, ina jin shi ya tada zancen. Shi ya sa na tattara su wuri guda. Masu tambayar basir da yanar ido ku yi haƙuri sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.

Tambaya daga wani Alhaji mai saida kayan gini a kasuwar Katako, Yamai:

Likita barka da aiki. Shekarata 58. Ɗan wani abokina ya kawo mini magani kwalba guda jika 25 wai daga Amurka, an rubuta NMN a jiki, ya ce wani babban farfesa na jami'ar Harvard shi ma shi yake sha kuma yana maida tsoho yaro. Na sha wata guda kuma wallahi kamar na ɗan ji ƙarfi. Yanzu ya ce sai na cika wata 6 kafin in ga aikinsa sosai. In ci gaba ko in bari?

Amsa:

Alhaji Allah ya ƙara lafiya. Ka bari, ka riƙe kuɗinka. Amma ba zan sallame ka da wannan kawai ba, don maganar tana da tushe, ba yaron nan ya ƙirƙiro ta ba, masana kansu sun fi shekara 30 suna kai ruwa rana a kanta.

Da can kowa ya ɗauka tsufa kamar lalacewar tsohuwar mota ne, ƙarfe ya ci ƙarfe, ba yadda za ka yi. Sai a 1993 wata mata mai suna Cynthia Kenyon a jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko ta taɓa ƙwayar gado guda ɗaya tak a jikin wata 'yar tsutsa da tsawonta bai wuce milimita guda ba, tsutsar da sati 2 zuwa 3 take yi ta mutu, sai ga ta ta ninka kwananta kuma tana motsi da ƙarfinta lokacin da sa'o'inta duk sun mutu. Nan hankalin masana ya tashi, ashe akwai wani abu cikin jiki da ke saita saurin tsufa kamar yadda uwargida ke rage wutar gas. A 2009 kuma aka ba ɓeraye wani magani mai suna rapamisin, kuma tsofaffin ɓeraye ne masu kwana 600, wato kamar mutum ɗan shekara 60, matan kwanansu ya ƙaru da kashi 14 cikin ɗari mazan kashi 9. Masu ra'ayin cewa ana iya rage saurin tsufa har cewa suke ku duba halittun Allah mana, ɓeran gida shekara 2 ko 3 ya gama, amma akwai wani ɓera marar gashi mai zama ƙarƙashin ƙasa a gabashin Afirka, girmansu kusan ɗaya, yana haura shekara 30. Kenan saurin tsufa ba abu ne guda da aka yi wa kowa ba, in an gane sirrin ana iya taɓa shi. Kuma masu kuɗi sun yarda da su, Google ya buɗe kamfanin Calico a 2013 don wanga aiki kaɗai, a 2022 aka buɗe Altos Labs da dalar Amurka biliyan 3. Su na Altos abin da suke bi shi ne aikin wani ɗan Japan, Shinya Yamanaka, wanda a 2006 ya ɗauki ƙwayar fatar ɓera ya sa mata abubuwa 4 ta koma ɗanya shakaf kamar ta ɗan tayi, har ya ci kyautar Nobel a 2012. Sai dai da aka gwada abin cikin jikin ɓera mai rai aka bar shi ya daɗe, ƙari ne ya riƙa fito musu.

Ɗaya ɓangaren kuma, masu cewa ba a kai nan ba a kan mutum, su ma ba ƙananan mutane ba ne. Akwai Leonard Hayflick, wanda tun 1961 ya nuna cewa ƙwayar jikin mutum in aka raine ta a ɗakin bincike wajen sau 50 take rabuwa ta tsaya cak, shi da Jay Olshansky na Shikago da wasu, masana 51, sun sa hannu a takarda a 2002 suna gargaɗin jama'a cewa babu wani magani da ake saidawa da aka tabbatar yana rage saurin tsufan mutum. Hujjarsu mai sauƙi ce, ɓera ba mutum ba ne. Ɓeran ɗakin bincike yana cikin keji mai tsabta, ba sauro ba rana ba tunanin kuɗin cefane, kuma magunguna nawa sunka yi aiki a ɓera da aka zo kan mutum sunka faɗi. Sannan ɓera shekara 3 ka ga ƙarshen gwajinka, mutum fa? sai ka jira shekaru masu yawa kafin ka san ko ƙwayar da ka ba shi ta ƙara masa kwana. A 2024 Olshansky ya sake fitowa da lissafi cewa a ƙasashen da aka fi daɗewa kamar Japan da Faransa da Italiya, ƙaruwar tsawon rai ta ja baya tun daga 1990. Gardamar ta yi zafi har shi da wani masani Steven Austad sun sa kuɗi tun shekara ta 2000, kowa dala 150, Austad ya ce cikin waɗanda aka riga aka haifa akwai wanda zai kai shekara 150, Olshansky ya ce babu, sai 2150 za a raba gardama, jikokinsu ne za su karɓi kuɗin.

Ni a ganina na farko sun yi gaskiya a kan tsutsa da ɓera, na biyu sun yi gaskiya a kan ɗan Adam zuwa yau, kuma kai Alhaji ɗan Adam ne.

Farfesan da yaron ke faɗi David Sinclair ne, kuma gaskiya ne ya sha faɗa da bakinsa yana shan NMN, wani sinadari da ake saidawa da sunan rage tsufa. Amma kafin NMN shi dai wannan mutum ya yi suna ne da wani sinadari resberatirol da ke cikin ɓawon inabi, har kamfanin magani GlaxoSmithKline ya sayi kamfaninsa Sirtris dala miliyan 720 a 2008, zuwa 2013 an rufe wurin ba a fidda maganin tsufa ko guda ba. NMN ɗin ma gwaje gwajen da aka yi a mutane ƙanana ne na 'yan makonni ko watanni, ba wanda ya nuna ya ƙara wa wani kwana. Wannan fa in har abin da ke cikin kwalbarka NMN ne na gaske, don kayan da ke shigowa a jaka ba wanda ya auna su. Ƙarfin da ka ji kuwa ban ƙaryata ka ba, mutum in ya biya jika 25 ya sa rai jiki kan amsa, shi ya sa a gwajin magani ake ba rabin mutane ƙwayar gari ba tare da sun sani ba, kuma su ma da yawa sai su ce sun ji sauƙi.

Bara wani dattijo sa'anka ya shigo wurina da leda cike da irin waɗannan kwalabe, ya jera su bisa tebur guda 5 yana tambayata wanne zai sha da safe wanne da dare. Na ce Baba miƙo hannu tukuna. Na ɗaura masa awo, tansiyo 19/11, wato jini ya hau sosai, na bari ya huta na sake, haka dai. Bai taɓa aunawa ba a rayuwarsa, ya ce ai ba ya jin ciwon komai sai ɗan nauyin ƙeya da rana. Maganin da na rubuta masa na wata bai kai kuɗin kwalba guda daga cikin biyar ɗin ba. Kai ma kafin Juma'a ka shiga farmasi ko likitar unguwa a auna maka tansiyo da suga, ka turo mini lambobin.

Tambaya daga wata ɗaliba, Tawa:

Likita ina kwana. Kakar babanmu tana nan Ilela da ranta, dut gari an san shekarunta 130, har yanzu tana shan hura da hannunta tana gane mutane. Mi ya sa ba a sa ta cikin littahin tarihin duniya? kuma ai wanga ya nuna mutanen da sun hi mu daɗewa tunda su ba su ci magi da shinkahwar waje ba.

Amsa:

Ɗiyata Allah ya ƙara wa tsohuwa lafiya ya ba ku albarkacinta. Wadda duniya ta tabbatar ta fi kowa daɗewa da takarda a hannu wata Bafaransa ce, Jeanne Calment ta garin Arles, an haife ta 1875 ta rasu 1997, shekara 122 da kwana 164, kuma tun rasuwarta ba wanda ya kamo ta. An yarda da nata ne don an samu takardar haihuwa da ta aure da sunanta cikin ƙidayar garin, ƙidaya bayan ƙidaya. Mu kuwa kin san yadda katin tsofaffinmu yake, "né vers" ake rubutawa, wato an haife shi wajen shekara kaza, wani ma'aikaci ne ya dubi fuska ya yanke. Kuma ba mu kaɗai ba, a Japan da ake ganin sun fi kowa tsari, a 2010 an je gaida wani da takarda ta ce shi ne tsohon birnin Tokiyo mai shekara 111 sai aka tarar ya rasu wajen shekara 30 da ta wuce, da aka bincika rajista aka ga sama da mutum 230,000 da aka rubuta sun haura 100 ba a san inda suke ba.

Ga yadda za ki auna da kanki ba tare da kin ɓata wa kowa rai ba. Ki tambayi shekarun autanta. Mace da wuya ta haihu bayan 45 zuwa 50, to in autan yana da 55 kin ga tsohuwa tana wajen 100 ko ƙasa da haka, in da 130 take da sai ta haife shi tana da 75. Sannan ki zauna kusa da ita da yamma ki tambaye ta yunwar da ta fara sani da wayonta, ta farin ɗango ce ta 1931? ko yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 labari ta ji wurin uwarta ko da idonta ta gani? lokacin da aka samu mulkin kai a 1960 ɗiya nawa gare ta? Ki ɗauki muryarta a waya, wannan ya fi shiga kowane littafi amfani gare ku. Kuma shekara 95 ko 100 a Ilela da hankali garau ba ƙaramar baiwa ba ce.

Batun mutanen da sun fi mu daɗewa, nan ne zan saɓa miki. Waɗanda sunka tsira muke gani, ba mu ganin waɗanda aka binne. Ki tambaye ta su nawa uwarsu ta haifa, nawa sunka girma. Wajen 1960 matsakaicin tsawon rai a Nijar bai wuce shekara 35 da 'yan kai ba, yau ya haura 60. Ba wai mutanen lokacin suna faɗuwa ne a 35 ba, yara ne ke mutuwa da yawa sai lissafin ya sauko. A farkon shekarun 1990 cikin yara 1000 sama da 300 ba su kai shekara 5, binciken 2012 ya samu 127. Allurar rigakafin ƙyanda da gidan sauro da ruwan gishiri da sukari na zawo su sunka yi wanga aiki, ba a taɓa saurin tsufa ko kaɗan ba, an dai bar mutane sun kai ga tsufan. Inda kike da gaskiya shi ne cimarsu, gero da wake da tamakka da nono, ga tafiyar ƙasa kullum, sun fi lemun kwalba da zaman bisa moto.

Tambaya daga wani malamin makarantar allo, unguwar Bukoki:

Assalamu alaikum. Likita wannan bincike na hana tsufa ba shisshigi ba ne cikin ikon Allah? Ajali ai rubutacce ne, kuma hadisi ya ce kowace cuta tana da magani ban da tsufa.

Amsa:

Wa alaikumus salam, Allah gafarta Malam. Fatawa taku ce, ni abin da na sani na aikina zan faɗa. Hadisin da ka kawo na Usama bin Sharik da ke cikin Abu Dawuda da Tirmizi farkonsa umarni ne, ku nemi magani ya bayin Allah, sannan aka keɓe tsufa. Kuma abin da zai ba ka sha'awa, su ma likitocin duniya sun yi irin wannan muhawara, da Hukumar Lafiya ta Duniya ta zo sabunta kundin sunayen cututtuka an so a sa "tsufa" a ciki kamar cuta, likitocin tsofaffi sunka tashi tsaye sunka ce a'a, in ka kira tsufa cuta to ka maida duk dattijo majinyaci kuma likita zai samu hanyar cewa tsufa ne kawai ya ƙi neman ainihin ciwon, daga ƙarshe aka canza kalmar kafin kundin ya fara aiki a 2022.

Wannan ta ƙarshe ita ta fi damuna Malam, don kullum ina ganinta. A kawo tsoho ba ya gani a ce tsufa ne, alhali yana ce a ido, aikin da ba ya kai awa guda ya koma yana karanta Alƙur'aninsa. Tsohuwa ta daina fita don gwiwa a ce tsufa ne. Dattijo yana tashi fitsari sau 6 cikin dare, ko suga ne ko ƙaba ce ta mafitsara ta maza, a ce tsufa ne a bar shi. Furfura da raunin da Allah ya ambata a Suratur Rum bayan ƙarfi, wannan ba wanda ya kauce masa, amma shanyewar ɓarin jiki a shekara 52 saboda hawan jinin da ba a taɓa aunawa ba, wannan cuta ce kuma tana da magani.

Masu binciken na kirki ma yawancinsu ba cewa suke mutum ba zai mutu ba. Abin da suke nema shi ne mutum ya kai ajalinsa da ƙafafunsa, yana alwala da kansa yana zuwa masallaci, kada ya yi shekara 10 kwance ana juya shi. Akwai masu kuri a intanet da ke cewa za su kashe mutuwa, waɗannan ni ma ba na tare da su. Roƙona gare ka, tunda mutane sun fi jin maganarku bisa tamu, in ka samu dama bayan sallar La'asar ka ce wa dattawan sahun gaba su je a auna su.

Tambaya daga wani tela, unguwar Wadata:

Likita an ce wani ɗan Japan ya ci Nobel don ya gano azumi na sa jiki ya cinye cututtukansa har da ciwon daji (kansa) kuma yana hana tsufa. Gaskiya ne? ni ina Litinin da Alhamis.

Amsa:

Ɗan'uwa Allah ya karɓa. Mutumin sunansa Yoshinori Ohsumi, ya ci Nobel a 2016, amma a kan yisti ya yi aikinsa, irin wanda ake sa wa fulawar burodi, ya gano yadda ƙwayar halitta in ta rasa abinci take narkar da tarkacen cikinta ta sake amfani da su. Bai yi gwaji a kan masu azumi ba, bai ce azumi na warkar da ciwon daji ba, mutane ne sunka ɗora masa. Mai ciwon daji ya je asibiti don Allah.

Amma batun rage ci da tsawon rai shi ne mafi tsufa a wanga fage. Tun 1935 Clive McCay a jami'ar Cornell ya ga ɓerayen da aka rage wa abinci sun fi masu ci su ƙoshi daɗewa. Da aka zo kan birai sai aka samu saɓani, masu bincike na Wiskonsin a 2009 sunka ce biran da aka rage wa kashi 30 cikin ɗari sun fi lafiya da daɗewa, cibiyar binciken tsufa ta gwamnatin Amurka a 2012 ta ce nata biran lafiyarsu ta ƙaru amma kwana bai ƙaru ba. Da aka duba sai aka ga biran Wiskonsin da ba a rage wa abinci ba, waɗanda ake kwatantawa da su, ana barinsu su ci iya cinsu ne kuma abincin sukari ya yi masa yawa, na ɗaya wurin kuwa dama da awo ake ba kowa. Kenan wataƙila ba yunwa ce ke ƙara kwana ba, cika ciki ne ke rage shi. A mutane an yi wani gwaji a Amurka mai suna CALERIE, mutum 200 da 'yan kai na shekara 2, an ce su rage kashi 25 sunka iya rage wajen kashi 12 kawai, tansiyo da suga da kitsen jini sun gyaru, wani awo da ake yi a jini ya nuna saurin tsufa ya ragu da kashi 2 zuwa 3. To shi kansa wanga awo ana gardama a kansa, ko yana auna tsufa da gaske ko wani abu ne mai kama da shi.

Ka ci gaba da azuminka don lada, jikinka ma zai amfana in ba ka rama da buɗa baki ba, don wanda ya wuni bai ci ba ya zo ya haɗa ƙosai da fanke da shayi mai sukari cokali 5 da shinkafa da mai bai rage komai ba. Sulusi abinci sulusi ruwa sulusi numfashi, mun san wannan tun muna yara. Kuma wagga magana ta rage ci ba ta shafi mai ciki da mai shayarwa da yara ba, ba ta shafi tsohon da ya rame ba, shi ƙari ma yake buƙata, ƙwai da nono da wake da kifi, don naman jikinsa ke zubewa. A ƙasarmu waɗanda ba su samun isasshe sun fi masu buƙatar ragewa yawa, kada wani ya karanta wannan ya rage kwanon tsohuwarsa.

Tambaya daga wani ɗan jami'ar Abdou Moumouni:

Likita babana na shan metformin don suga, na karanta cewa yana ƙara tsawon rai. Ni ma in fara sha? shekarata 24.

Amsa:

A'a ɗana. Maganar ta samo asali ne daga lissafin takardun asibiti inda aka ga kamar masu suga da ke shan metformin suna daɗewa fiye da yadda aka zata, shi ya sa wani likita a Niyok, Nir Barzilai, ya tsara gwaji mai suna TAME, mutum 3000 masu shekara 65 zuwa 79 na tsawon shekara 6, kuma shekaru ke nan yana neman kuɗin yinsa don maganin tsoho ne mai araha ba kamfanin da zai ci riba. Ka ga ko masu zancen ma tsofaffi suke nufi, ba ɗan 24 ba. Rapamisin ɗin da na ambata a sama kada ma ka kusance shi, masu dashen ƙoda ake ba don ya danne garkuwar jiki, mu da ke zaune da palu da tarin fuka da taifot danne garkuwa ba wasa ba ne. Wani attajiri Ba'amurke, Bryan Johnson, da ke kashe wajen dala miliyan 2 a shekara kan jikinsa, har ruwan jinin ɗansa aka ƙara masa a 2023 ya ce bai ga amfani ba ya bari, rapamisin ɗin ma ya aje shi saboda illa.

In kana shan taba ko shisha, nan maganinka yake. Binciken da aka bi likitocin Ingila shekara 50 ya nuna mai shan taba na asarar wajen shekara 10, wanda ya bari yana da 30 ya ceto kusan dukkansu, mai 40 ya ceto 9, mai 60 ma ya ceto 3. Kuma tunda baba na da suga kai ma ka riƙa aunawa lokaci lokaci.

Tambaya daga wata uwargida, Tawa:

Likita don Allah ka ɓoye sunana. Shekarata 39, haihuwa 9, bakwai na raye. Maigida ya girme ni da shekara 12 amma in munka tahi biki sai a ɗauka ni ce babba. Haƙorana biyu sun hita, kullum gajiya, in na tashi sai jiri. Wata ƙawata ta ba ni mai na shahwawa da wasu ƙwayoyi ƙanana wai suna cika jiki su maido ƙuruciya. Ina jin kunyar kaina wallahi.

Amsa:

Ƙanwata saƙonki ya fi duk na sama taɓa ni, kuma ba ki da abin jin kunya. Jikin da ya ɗauki ciki 9 ya shayar, ya yi daka ya ɗebo ruwa ya tsaya gaban murhu shekara 20, aiki ya yi, kuma abin da kike kira tsufa yawancinsa ba tsufa ba ne. Gajiya da jiri a mace mai yawan haihuwa abu na farko da muke nema ƙarancin jini ne, ki ja fatar idonki ta ƙasa gaban madubi, in kin ga ta yi fari fat maimakon ja to kusan shi ne, amma a je a auna a tabbatar, awon ba shi da tsada kuma maganin ƙwayar ƙarin jini ce ta wata 3 tare da hanta da wake da ganyen tamakka, kuma ki raba shan shayi da lokacin cin abinci don yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe. A auna tansiyo da suga a rana guda, a duba sauran haƙoran kafin su bi biyun.

Ƙwayoyin nan ƙanana da masu tallar magani bisa tire ke saidawa don ƙiba, mafi yawansu deksametazon ne ko danginsa. Fuska za ta cika ta yi zagaye ki ɗauka kin murmure, alhali ruwa ne da kitse, ƙafafu na sirancewa, ƙashi na rubewa, suga da tansiyo na hawa. In ba ki fara ba ki maida mata. In kin riga kin yi makonni kina sha kada ki yanke rana guda, yana da haɗari, ki kai wa majo ko likita fakitin ya rage miki sannu sannu. Man shafawar ma in mai sa haske ne irin wannan sinadari ke ciki ko wanda ya fi shi muni, fata na yin siriri ta yi nankarwa, bayan shekara kaɗan ta fi da tsufa, ga ranar Tawa. Man kaɗe ya ishe ki.

Sai maganar da ta fi nauyi. Likitoci na ba da shawarar a bar aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin wani ciki, kuma a shekarunki da haihuwa 9 ciki na gaba yana da haɗarin zubar jini sosai. Ki samu lokacin da maigida ke cikin natsuwa ki ce likita ya ce ku zo tare, in ya fi sauƙi ki nuna masa wanga shafi ya karanta da kansa. Alhaji in kai ke karantawa, ka raka ta, ka biya awon, kuma in da hali a fidda murhu daga cikin ɗaki zuwa fili don hayaƙin icce na cin huhu da ido. Ke kuma ƙanwata in kin karɓo sakamakon ki ɗauki hoton takardar ki turo ta lambar da kika turo wanga saƙo, zan duba in gaya miki abin da ke ciki.